Hoton Sitt Wafiyya a Shagon Wake

Tun kafin a haife ni hoton yake rataye a bangon shagonmu, sama da babbar tukunyar wake, daidai inda idon mai shigowa zai sauka kafin ya gama sallama. Mace ce ta ɗan karkata kai, gashinta a naɗe, da 'yan kunne masu lilo. Daga ƙasa an rubuta suna ɗaya da shuɗiyar tawada: Wafiyya. Yaran yanzu sai an yi musu bayani, amma a zamanin su Baba babu gidan da ke da rediyo a Alƙahira da bai san muryar Wafiyya Nassar ba. In fim ɗinta ya fito, layin masu sayen tikiti yakan zagaye silima ya dawo ya haɗu da wutsiyarsa.

Mahaifina, Mu'allim Bayyumi, Allah ya ji ƙansa, shi ne mai sayar da ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya, ƙosan Masar, a lungunmu na unguwar Sayyida Zainab. Shagon kakana ne ya gada, ni kuma na karɓa daga hannunsa, don ƙannena maza duk sun zaɓi aikin ofis, wai warin man suya yana kama musu riga. Baba bai taɓa mallakar mota ba, bai gina gida ba, bai kuma je aikin Hajji ba sai da gemunsa ya yi fari fat. Abin da yake da shi wanda babu mai irinsa a lungun shi ne rana ɗaya, kuma ya riƙe ta da hannu biyu.

Ga yadda ranar take. Yana saurayi, kakana ya tafi jana'iza a ƙauye ya bar masa shagon. Da hantsi, bayan masu karin kumallo sun watse, sai wata baƙar mota ta tsaya a bakin lungu. Mace ta fito ita kaɗai, ta shigo, ta zauna, ta ce a ba ta wake. Sai da ya ajiye kwanon a gabanta ya gane wace ce. Ta ci, ta ɗaga kai ta ga hotonta da ya saya a ƙofar silima ya kafa da ƙusa, ta ce ya sauko mata da shi, ta ciro alƙalami daga jaka ta sa hannu. Babu kowa a shagon sai su biyu. Direban ma bai fito daga mota ba.

Wannan shi ne ƙashin labarin. Naman kuwa Baba ne yake ɗora masa, kuma kowace shekara sai ya ƙara ƙiba. Na ji shi ya fi a ƙirga, ina ƙarama a ƙarƙashin tebur, ina budurwa ina yanka tumatir, ina matar aure ina riƙe da ludayi. Nakan yi tsaki in ce, "Baba, waken mutumin nan ya huce." Amma gaskiya ban taɓa gajiya da jin sa ba. In yana ba da shi, fuskarsa takan koma ta saurayin nan, har tsayuwarsa takan canja.

A lokacin akwai wata tsohuwar rediyo a kan katako kusa da tulun tsami, in ta yi zafi sai an mare ta take magana. In aka sako waƙar Sitt Wafiyya, wato Uwargida Wafiyya, Baba yakan ɗaga ludayi sama, kowa ya yi shiru, har mai neman canji sai ya jira a kai amshi. Ranar da aka sanar da rasuwarta ina 'yar makaranta. Baba ya kashe wutar suya, ya jera kujeru a ƙofar shago, ya zauna. Mutanen lungu suka riƙa zuwa suna yi masa ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya, yana karɓa da kai a sunkuye, sai ka ce gwaggonsa ce. Babu wanda ya ga abin dariya a ciki.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin ƙuruciyata shi ne ranar gyaran hoto. Duk wanda ya san tukunyar ful ya san tururinta, ba ya hutawa. Tururin nan yakan bi ta bayan gilashi ya shiga, sai ka ga rubutun yana dishewa, shuɗin yana komawa ruwan toka. To, duk watan Sha'aban, in an zo yi wa shago fenti saboda azumi, ana sabunta allon ƙofa, ana wanke fitilu, sai Baba ya sauko da hoton. Ya wanke hannu har gwiwa da sabulu, ya zauna a teburin ƙarshe, ya buɗe kwalbar tawada, ya bi sunan a hankali daga farkonsa zuwa ƙarshe, harshensa a ɗan waje. Mu yara mukan tsaya a bayansa, ba mai ko tari. Mahaifiyata takan ce, "Da haka kake lallaɓa rufin ɗakinmu da bai yi yoyo ba." Shi ko ɗagowa ba ya yi.

Babu wanda ya taɓa ganin aibu a wannan. Ana sabunta sunan kakana a kan allon shago, ana sabunta shi a kan kabarinsa, to me zai sa a bar sunan Sitt Wafiyya ya mutu? Kuma Baba bai taɓa shiga aji ba. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, hatimin tagulla gare shi a aljihu wanda yake dangwalawa duk inda aka ce ya sa hannu. Kalma ɗaya tak hannunsa ya sani a duniya, ita ce sunan wannan matar.

Sai kuma Ammu Fanus, wato Baffa Fanus, tela, mai shagon da ke kallon namu. Ya zo lungun ne bayan abin ya faru da shekaru, don haka ya ɗaukar wa kansa aikin ƙaryata shi. Kullum da safe zai tsallako da tef ɗin awo a wuya, ya zauna, ya ɗaga wa hoton hannu.

"Barka da asuba, Sitt. Har yanzu ba ki tuna shi ba? Ni ma na ce."

"Ci ka tashi, Fanus, akwai masu jiran kujera."

"Tambaya ce kawai, Mu'allim. Bara ka ce rigarta ja ce. Jiya na ji ka ce wa ɗan sandan nan koriya."

"Kai da ka ɗinka wa ango hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kai ne za ka yi mini maganar riga?"

"Angon ne hannunsa ɗaya ya fi ɗaya."

Haka suka yi ta yi har gashinsu ya zube. Da yake Fanus Kirista ne, ranar Ista Baba ne yake fara kai masa gaisuwa, ranar Sallah kuma Fanus ne yake fara shigowa da farantin alawa. Na ɗauka haka za su ci gaba har ƙasa ta rufe idon ɗayansu.

Wata safiya Ammu Fanus ya shigo da babban ambulan a hammata, yana wani murmushi da bai kwanta mini ba. Mijin 'yarsa, wanda ke aiki a Dubai, ya shiga sabon yayin nan na tara hotunan tsofaffin taurari masu sa hannu. Ya sayi wani a gwanjo, ya ce a ajiye masa a wurin surukinsa kafin ya zo hutu. Ammu Fanus ya share tebur da hannun rigarsa ya shimfiɗa hoton. Sitt Wafiyya ce, da sunanta a ƙasa. Kusa da shi ya ajiye wata takarda mai kauri da tambarin zinariya.

"Wannan kuma fa?" in ji Baba.

"Shaida. Akwai kamfani a Zamalik, aikinsu ke nan. Su duba rubutu su ce na mai shi ne ko na wani. Nawa dai sun ce nata ne. Karanta masa, Awatif."

Na karanta, don ba yadda zan yi. Masu cin wake suka bar kwanukansu suka zagaye teburin. Kallo ɗaya za ka yi ka san ba hannu ɗaya ba ne. Mai takardar siriri ne, an ja shi a guje, da doguwar jela a ƙarshe. Namu na bango kuwa mai kauri ne, zagayayye, a zaune daram.

"Ta yiwu ranar ta ƙoshi ne da yawa," in ji Ammu Fanus, "shi ya sa sunan ya yi ƙiba."

Aka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga kunnuwansa sun yi ja. Dariyar Fanus ya saba da ita, ta lungu gaba ɗaya ce bai saba ba. Da aka watse ya tsaya yana ta goge teburin da ya riga ya goge.

"Awatif, ki nemo mini inda kamfanin nan yake."

"Baba, rabu da shi. Fanus ne fa. Gobe ma wani abin zai samo."

"Ba don Fanus ba. Ni na san ta zo. So nake a rubuta, a buga tambari, in rataye a gefenta. In na mutu kada jikokina su ce kakansu mai shaci-faɗi ne."

Ranar da za mu tafi ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya naɗe hoton a cikin tawul, ya rungume shi a tasi kamar jinjiri. A hanya ya ba direban labarin tun daga farko. Direban bai san ko wace ce ba, amma yana da tarbiyya, ya yi ta cewa masha Allah a inda ya kamata.

Ofishin yana saman wani dogon gini, ga sanyi har ƙashi, bangon cike da fuskokin da na taso ina gani a talabijin. Baba ya bi su ɗaya ɗaya yana kiran sunayensu, yana yi wa matattun addu'a, wato kusan dukansu. Wadda ta karɓe mu Ustaza Mirfat ce, mace mai natsuwa, ba za ta wuce sa'ar ƙanena ba. Na shiga da shirin faɗa, na kuwa rasa abin kamawa. Ta tashi ta ba Baba kujera, ta sa aka kawo masa shayi, ta saurari labarin har ƙarshe ba ta duba agogo ba. Sannan ta sa farar safar hannu, ta zare hoton daga gilashi, ta kai shi ƙarƙashin wata fitila, ta sunkuya da madubin ƙara girma. Ta daɗe a sunkuye.

"Hajji, akwai wanda ya taɓa rubutun nan bayan ita?"

"Babu mai taɓa shi sai ni," in ji Baba, ya gyara zama. "Ko 'ya'yana ban yarda ba. Duk shekara nake bin sa da tawada. Ba don haka ba ai da tuni tururi ya cinye shi."

"Duk shekara," in ji ta.

"Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Shekarar yaƙi da tawada ta yi wuya, da biro na bi. Ba ni takarda ki gani."

Ta miƙa masa takarda da alƙalami, ina jin don kunya ce kawai. Baba ya naɗe hannun riga, ya rubuta Wafiyya a ja ɗaya, ba gargada, ya juya mata takardar yana jiran yabo. Da na hoton da wannan ba ka bambance su. A lokacin ne na gane. Shekara da shekaru ina tsaye a bayansa ina kallon abin nan, ban taɓa ganinsa da idon baƙo ba sai ranar.

Ustaza Mirfat ta cire safar hannun ta ajiye. Ta yi magana a hankali, shi take kallo ba ni ba. Ta ce tawada ce bisa tawada, hawa-hawa, iri-iri, kowace shekara layin ya ɗan goce daga na bara, ya ɗan ƙara faɗi. Ta ce ta nemi ta farko a ƙarƙashi da fitilar, ba ta sami abin da za ta kama ba.

"Wato ni na rubuta ke nan," in ji Baba.

"Ban ce ba ta zo ba, Hajji. Ban ce ba ta sa hannu ba. Cewa na yi abin da ke kan hoton nan yau hannunka ne."

"Nata fa? Ina ya tafi?"

"Ko dai yana ƙarƙashin naka ya haɗe da shi, ko tururin ya tafi da shi tun da daɗewa. Da an bar shi ya dishe, ko inuwarsa ce ta rage da na iya aiki da ita."

Baba ya kalli hannunsa. Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci bakina ba ya zama.

"Ustaza, in tambaye ki. Da me kuke auna rubutun mutane?"

Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Sa hannun Wafiyya ne jere reras, duka sirara masu jela irin na Ammu Fanus.

"Waɗannan ɗin wa ya ga ta rubuta su?"

"Yawancinsu daga kamfanin fim ɗinta suka fito. Masoya sukan rubuto suna nema, a aika musu da hoto."

"Ita take zama ta sa wa dubban mutane hannu, ko akwai mai yi mata?"

"A wancan zamanin wasu taurarin suna da masu yi musu. Nata ba mu da tabbas. Mun ga sun dace da juna, sai muka ɗauke su ma'auni."

"Wato in sakatarenta ne ya rubuta su duka, shi kuke ba tambarin zinariya."

"Yana yiwuwa," in ji ta. "Ba zan rantse miki ba. Amma ko da haka ne, wannan ba zai mayar da na Hajji nata ba."

Na so ta yi gardama in sami inda zan sauke fushina, ta ƙi. Gaskiya ta faɗa mini ciki da waje, kuma ba ta amfane mu da komai ba. Ta ba mu takarda marar tambari da ke cewa ba a iya tabbatarwa ba. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi mata godiya, don shi ba ya barin wuri bai yi godiya ba.

A tasi na yi ta zuba. Na ce ai ka ji da kunnenka, su ma ba su sani ba, na Fanus ma ƙila wani mai gashin baki ne ya rubuta a ofis yana shan shayi. Baba yana kallon Kogin Nilu ta taga. Sai da muka tsallake gada ya yi magana.

"Ita ta rubuta da hannunta, ni na bi na shafe. Kowace shekara. Har wanke hannu nake yi."

Bai mayar da hoton bango ba. Ya ɗora shi da tawul ɗinsa a saman kabad a gida, aka bar ƙusa da wani farin wuri inda hayaƙi bai taɓa ba. Washegari Ammu Fanus ya tsallako da zolaya a bakinsa, ya kalli bango, ya kalli Baba, ya haɗiye ta. Ya ci wakensa shiru, abin da ban taɓa gani ba. Da zai fita na bi shi har bakin shagonsa na faɗa masa duk abin da ke bakina, har da maganar sakatare.

"'Yata, ni fa wasa nake," in ji shi. "In bai ba da labarin ba, da me zan ci waken?"

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya riƙa janyo maganar da kansa. "Mu'allim, wai motar nan baƙa ce ko shuɗiya? Baƙon nan ne yake tambaya." Baba sai ya ce, "Mota dai," ya juya ga tukunya. Da abin ya ishe shi, ya sa hoton surukinsa a gilashi ya kawo, ya ce a rataye a ƙusar, shi zai san abin da zai gaya wa na Dubai. Baba ya kalli hoton, ya kalli tambarin, ya mayar masa cikin ladabi.

"Na gode, Fanus. Amma wannan ba ta san shagona ba."

In baƙo ya tambayi ina hoton, sai ya ce an kai gyara. Sha'aban ya zo aka yi fenti, farin wurin ma ya ɓace. Shagon ya koma shagon wake kawai. Ban san yawan abin da labarin nan yake riƙe da shi ba sai da ya daina fitowa. Baba ya riƙa zuwa a makare yana tafiya da wuri, ya fara mance sunayen mutanen da ya ciyar tun suna goye. Ƙannena suka ce tsufa ne. Tsufa ne mana, amma ni na san ranar da aka buɗe masa ƙofa.

Wata la'asar, ciniki ya yi sanyi, muna zaune mu biyu da tire a tsakaninmu muna tsince tsakuwa daga waken gobe. Ya daɗe yana juya ƙwaya ɗaya da yatsa.

"Awatif."

"Na'am, Baba."

"Ta zo kuwa?"

Na ɗauka zolaya ce, na ɗago zan mayar masa. Ba zolaya ba ce. Idonsa irin na wanda ya ɓata a kasuwa.

"In na rufe ido in tuno fuskarta, ta hoton nake gani. In na ce in tuno hannunta yana rubutu, nawa nake gani. Ko dai wata mata ce mai kama da ita? Ko wani na roƙa ya rubuta mini, na yi ta faɗa har na yarda? Saurayi ne ni a lokacin, kuma ina son ta kamar hauka. Babu wanda ya gani, 'yata. Duk wanda zan tambaya ya mutu."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka kwantar da shi a asibiti. Mutane su ƙi yarda da shi, wannan na iya faɗa a kai. Amma shi da kansa? Ba a haife ni ba a lokacin, da me zan yi shaida? Abu ɗaya nake da shi, labarin, kuma na haddace shi tsaf. Sai na ture tiren gefe, na gyara murya irin tasa, na fara.

Na ba shi da duk kayan adonsa. Na ce mota ce da tsawonta ya toshe lungu. Na ce ta fito da riga mai walƙiya da zoben da ke kashe ido, turarenta ya yi kwanaki bai bar shago ba. Na ce ta cinye kwano ta nemi ƙari, ta rera masa baiti ɗaya a hankali, sannan ta dafa tebur ta ce ta zaga Masar kaf ba ta ci wake irin na Bayyumi ba.

Yana sauraro, kansa a ƙasa. Can sai na ga yana girgiza shi.

"A'a."

"Haka kake faɗa, Baba."

"Haka nake faɗa. Ba haka aka yi ba." Ya kalli kujerar da ke kusa da ƙofa. "Tsohon kwat ne a jikinta, ruwan toka, maɓalli ɗaya ya fita. Ba kwalliya ko ɗigo. Idonta a kumbure. Daga asibiti take, uwarta ce a kwance, ta ce tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Ta ce in sauke ƙofa rabi kada a gan ta. Ta tuɓe takalma a ƙarƙashin tebur, akwai filasta a diddigenta."

Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin wannan ba.

"Ba ta yi waƙa ba. Loma kaɗan ta yi. Sai ta ture kwanon ta ce, 'Saurayi, ina mai shagon?' Na ce ya yi tafiya. Ta ce, 'Na ga alama. Waken nan da saura, bai nuna ba.'"

"Baba."

"Wallahi haka ta ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tsaye da ludayi, hawaye ya cika mini ido, ƙato da ni. Shi ne ta ga hoton, ta ce in sauko da shi. Don ta rarrashe ni ne ta sa hannun, ba don komai ba. Hannunta har rawa yake yi. Ta ce, 'Gobe ka bar shi ya daɗe a wuta.'"

"Duk shekarun nan ba ka taɓa faɗa wa kowa ba."

"In faɗa wa wa? Mai shagon wake ya ce Wafiyya Nassar ta zo ta ce wakensa ɗanye ne? Kakanki ma ban gaya masa ba, da ya karya ni." Ya fara dariya, dariyar ta zarce ta koma kuka, ya sa hannun jallabiya ya goge fuska. "Bayan ta tafi na ɗanɗana. Gaskiyarta ce, kamar tsakuwa. Barci ne ya ɗauke ni, wutar ta mutu ban sani ba."

Ya jawo tiren gabansa ya ci gaba da tsinta, yatsunsa suna sauri yadda na san su.

"Ta zo," in ji shi, ba da ni yake ba. "Wa zai ƙirƙiro wa kansa wannan?"

Can ya ɗago ya nuna ni da yatsa.

"Kada Fanus ya ji."